Ƙurar da Ke Tsakanin Taurari: Abin da Hasken Tauraro Mai Fashewa Ke Tonawa

A daren 21 ga Janairun 2014, wani malamin jami'a mai suna Steve Fossey yana nuna wa ɗalibansa huɗu yadda ake sarrafa madubin hangen nesa, a ɗakin duban taurari na jami'arsu da ke Mill Hill a arewacin Landan. Gajimare na ta haɗuwa, lokaci kuma ya ƙure, sai suka ce bari dai su leƙa wani galaksi, wato katafaren tarin taurari biliyoyi, da ake kira M82 kafin sama ta rufe. Da hoton ya fito a kwamfuta, Fossey ya ga wani ɗigon haske a wurin da bai san da shi ba. Suka duba tsofaffin hotunan wurin, babu shi. Ashe tauraro ne ya tarwatse a can, haskensa ya kwashe shekara kusan miliyan 12 yana tafe, sai a ɗan tsakanin nan ya iso. Aka raɗa masa suna SN 2014J.

Kafin mako ya zagayo, manyan madubai a ƙasashe da dama duk sun juya can. Irin wannan fashewa, wadda masana ke kira sufanoba nau'in Ia, an san halinta sarai: an san iyakar hasken da take kaiwa, an san launin da ya kamata ta nuna. Amma wannan ta iso a dushe, kuma ta yi ja fiye da kima. Lissafi ya nuna cewa kusan kashi biyar cikin shida na hasken da ido ke iya gani ya maƙale a hanya. Ƙura ce ta tare shi. Wannan kaɗai bai ba kowa mamaki ba, domin M82 ya yi suna wajen ƙura. Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne irin tambarin da ƙurar ta bari a jikin ɗan hasken da ya tsira, wanda bai yi kama da na ƙurar da suka sani a galaksinmu ba.

Kalmar ƙura tana iya ruɗar mutum a nan. Abin ya fi kama da hayaƙi. Ƙwayoyin akasarinsu ba su wuce kashi ɗaya cikin goma na maikiron ba, shi kuwa maikiron kashi ɗaya ne cikin miliyan na mita, don haka sai an jera ɗaruruwansu kafin su kai kaurin silin gashi guda. Wasu na silikat ne, dangin abin da ya haɗa yashi da duwatsu, wasu na kabon ne, dangin gawayi da baƙin fitila. Kuma a warwatse suke ƙwarai: a matsakaici, ƙwaya ɗaya tal za ka samu a cikin sararin da ya kai mita 100 a tsawo da faɗi da zurfi. Duk ƙurar ba ta wuce kashi 1 cikin 100 na nauyin abin da ke tsakanin taurari ba, saura iskar gas ce. Amma hanya ce mai nisa. Hasken da zai yi shekara dubbai yana ratsa wannan sarari, ko ba jima ko ba daɗe sai ya ci karo da su.

An daɗe ana ganin wasu baƙaƙen wurare a sararin samaniya, ana tsammanin ramuka ne da babu taurari. A 1930 ne Robert Trumpler, a ɗakin duban taurari na Lick a Amurka, ya kawo hujjar da ta kashe bakin gardama. Ya auna nisan wasu gungun taurari ta hanyar haskensu, sai ya ga lissafi na nuna cewa gungun da suka fi nisa sun fi girma. Babu dalilin da zai sa haka. Sai ya gane cewa wani abu ne ke rage haskensu a hanya, shi ya sa ya ɗauka sun fi nisan da suke da shi.

Haske mai sahu

Haske igiyar kaɗawa ce, kuma kaɗawar tasa a gicciye take da hanyar da yake bi. Ka ɗaure igiya a jikin turke ka riƙe bakinta: kana iya kaɗa ta sama da ƙasa, kana iya kaɗa ta hagu da dama, ko a karkace, duk dai kaɗawar turken take nufa. Hasken rana ko na fitila cakuɗe yake, kowace fuska da rabonta daidai wa daida. Idan kuwa wani abu ya sa fuska ɗaya ta rinjayi sauran, to hasken ya ɗauki sahu ke nan. Wannan shi ne abin da ake kira folaraizeshan a harshen kimiyya. A nan za mu ce masa sahun haske.

Ido ba ya rarrabe wannan, amma ana iya gani da abin da ke hannu. Wanda ke da tabarau na rana irin mai kashe ƙyallin ruwa da na kwalta, ya saka shi ya dubi allon kwamfutar tafi-da-gidanka, sannan ya karkata kansa a hankali zuwa kafaɗa. Zai ga allon yana dushewa, a wani kusurwa ma ya yi baƙi ƙirin, in ya ci gaba ya sake washewa. Allon haske mai sahu yake fitarwa, tabarau kuma ƙofa ce da fuska ɗaya kawai take bari ta wuce. Kusan haka aka fara gano abin. A 1808 wani injiniyan sojan Faransa, Étienne-Louis Malus, yana kallon hasken faɗuwar rana da ke dawowa daga tagogin fadar Luxembourg a Faris ta cikin wani dutse mai sheƙi da ke raba hoto gida biyu. Yana juya dutsen sai ya ga hotunan biyu suna karɓa-karɓa, wannan ya haska wancan ya dushe.

Shigar wannan cikin ilimin ƙurar samaniya kuwa, faɗuwa ce ta zo daidai da zama. A 1946 Subrahmanyan Chandrasekhar ya yi lissafin cewa gefen taurari masu tsananin zafi ya kamata ya fitar da haske mai sahu. Mutum biyu, William Hiltner da John Hall, suka shiga nema. Abin da suka buga a 1949 daban ne da wanda suka je nema. Taurari da yawa sun nuna sahu, har kashi kaɗan cikin 100, kuma abubuwa biyu suka fito fili. Na farko, taurarin da haskensu ya fi yin ja su ne suka fi sahu. Na biyu, taurarin da ke maƙwabtaka a sama, ko da babu abin da ya haɗa su, fuskar sahunsu ɗaya ce. Ke nan ba daga taurarin abin yake ba. A hanya hasken ke ɗaukar sa.

To ta yaya ƙura za ta jera haske? Sai an cika sharaɗi biyu. Dole ƙwayoyin su zama ba dunƙulallu ba, su zama masu ɗan tsawo ko masu faɗi kamar faifai. Kuma dole su kasance suna fuskantar gefe guda, domin in kowace ta juya inda ta ga dama, aikin wannan zai soke na waccan. Ƙwaya mai tsawo ta fi tare kaɗawar da ta zo daidai da tsawonta, ta bar ta gicciye ta wuce. Wanda ke jera su kuwa shi ne ƙarfin maganaɗisun da ke ratsa galaksi, mai rauni ƙwarai, wanda na duniyarmu ya ninka shi sau dubbai da yawa. Ƙwayoyin suna juyi kamar katantanwa, tsawonsu a gicciye da layin maganaɗisun, don haka hasken da ya tsira sahunsa ke bin layin. Wannan ya sa taswirar sahun hasken taurari ta zama taswirar maganaɗisun galaksi, abin da babu idon da zai gani.

Yadda ake jera su ɗin an sha muhawara a kai. Leverett Davis da Jesse Greenstein sun kawo bayani a 1951 wanda aka riƙe shekaru da yawa, amma daga baya aka ga ya yi sanyi, ba zai iya aikin shi kaɗai ba. Bayanin da ya fi karɓuwa yau shi ne cewa hasken taurari da kansa ke murza ƙwayar. Tun da siffarta a karkace take, hasken da ya bugi sassanta ba ya warwatsuwa daidai, sai ya juya ta kamar yadda iska ke juya farfela. A riƙe wannan, domin zai dawo.

Sai kuma wani ɗan ƙasar Foland, Krzysztof Serkowski, wanda tare da abokan aikinsa a 1975 ya auna sahun ɗaruruwan taurari launi-launi. Launi a haske tsawon zango ne, kamar yadda mai rediyo ya san gajeren zango da matsakaicin zango: shuɗi gajere ne, kimanin maikiron 0.44, ja ya fi shi tsawo, wajen 0.7. Suka ga sahun ba ɗaya ba ne a kowane launi. Yana hawa daga shuɗi, ya kai ƙololuwa, ya gangaro wajen ja, kamar tudu. A galaksinmu ƙololuwar takan faɗi kusa da maikiron 0.55, tsakanin kore da rawaya. Amfanin wannan tudu shi ne matsayinsa yana bin girman ƙwayoyin. Manyan ƙwayoyi suna tura ƙololuwar wajen ja, ƙanana suna janyo ta wajen shuɗi. Wato daga launin da sahu ya fi ƙarfi, mutum na iya faɗin girman ƙwayar da ba zai taɓa riƙewa ba.

Akwai wani ma'auni na biyu da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da wannan, masana suna rubuta shi R_V. Yana kwatanta yadda ƙura ta dusashe haske da yadda ta sa shi ja. Manyan ƙwayoyi ba sa zaɓen launi sosai, kamar gajimare ne da ke rage rana amma ya bar ta fara, don haka lambarsu babba ce, har ta haura 5 a wasu dunƙulallun gizagizai irin na Orion. Ƙananan ƙwayoyi kuwa shuɗi suke wawashewa su bar ja, kamar yadda iska ke yi wa rana in za ta faɗi, lambarsu ƙarama ce. Matsakaicin galaksinmu 3.1 ne. Wannan lamba ta shiga jinin masana har ta zama abin da ake sakawa a lissafi ba tare da dogon tunani ba, ko da galaksin da ake magana a kai ba namu ba ne.

Me ya kawo tauraro mai fashewa cikin zancen

Duk abin da aka faɗa a sama, da taurarin galaksinmu da na ƙananan maƙwabtansa aka gano shi. Matsalar ita ce auna sahu aiki ne mai cin haske. Idan kana so ka auna shi da kuskuren da bai wuce kashi ɗaya cikin dubu ba, kana buƙatar ƙwayoyin haske kimanin miliyan guda, kuma a kowane yankin launi da ka ware. Tauraro guda a galaksin da ke nisan shekarun haske miliyan goma ko hamsin (shekarar haske ita ce tafiyar da haske ke yi a shekara guda) ba shi da wannan arziki. In kuma ka tattara hasken galaksin gaba ɗaya, ka cakuɗa na gaban ƙura da na bayanta, komai ya dagule.

Sufanoba ce ke warware wannan. Na 'yan makonni, ɗigo guda yana haskawa kamar rana biliyoyi. Kamar a ce an kunna tocila a bayan labule ne a ɗakin da ba ka da hanyar shiga: da ita za ka ga saƙar labulen. Nau'in Ia kuma ya fi dacewa. Tushensa wani ƙaramin gawar tauraro ne mai tsananin nauyi da ake kira farin wada, wanda yake da abokin zama, ya riƙa jan kayan abokin ko su haɗe, har nauyi da zafi su kai inda wutar nukiliya za ta tashi ta cinye shi cikin daƙiƙoƙi. Fashewar takan fito kusan a dunƙule, don haka sahun da take ɗauke da shi daga gida kaɗan ne, galibi bai wuce kashi 0.3 cikin 100 ba. In aka ga kashi 4 ko 6, to an san wa za a tuhuma.

Na'urar aikin ba ta da wani rikitaccen sirri. A bayan madubin ana saka wani faranti mai juya fuskar haske, sannan wani dutse mai raba hasken gida biyu gwargwadon sahunsa, jikan dutsen Malus ke nan. Ana ɗaukar hoto a kusurwa huɗu, digiri 0 da 22.5 da 45 da 67.5, a kwatanta ƙarfin hasken biyu. Da yake lokaci guda ake ɗaukar su, ko gajimare ya gifta duka biyun zai shafa daidai. Ɗaya daga cikin na'urorin da suka fi yin wannan aiki ita ce FORS2, da ke jikin ɗaya daga cikin madubai huɗu masu faɗin mita 8.2 a dutsen Paranal na ƙasar Chile. Ita dai SN 2014J ta yi arewa da yawa ga Chile, sai madubai irin na Calar Alto a Sifaniya da Kanata a Japan suka yi aikin.

Wahalar tana wajen tankaɗe da rairaya. Hasken da ya iso ya ratsa akalla shamaki uku: abin da ke kewaye da tauraron, ƙurar galaksin da yake ciki, da ƙurar namu galaksin. Namu ya fi sauƙin cirewa, domin ana auna taurarinmu da ke kan layin a debe nasu. Na fashewar kanta ana gane shi da cewa yana canzawa kwana zuwa kwana yayin da tarkacen ke buɗewa, alhali na ƙurar nesa yana nan daram. Abin da ya rage bayan wannan shi ne ganimar.

Ga abin da aka samu. Tun a 1986, lokacin da wani malamin coci ɗan Ostireliya mai sha'awar taurari, Robert Evans, ya gano SN 1986G a cikin baƙar ɗamarar ƙurar galaksin Centaurus A, an auna ƙololuwar sahunta a wajen maikiron 0.43 maimakon 0.55. An ɗauka abu ne na wuri guda. Sai ga SN 2006X a galaksin M100, sai SN 2008fp, sai SN 2014J, duk da hali iri ɗaya ko ma wanda ya fi tsanani. A 2015 Ferdinando Patat da abokan aikinsa suka jera huɗun nan wuri guda. A cikin na baya-bayan, sahun hawa kawai yake yi zuwa shuɗi, ƙololuwar tana maikiron 0.4 ko ƙasa da haka, wani lokaci ma ta fice daga inda na'urar ke iya gani. Lambar R_V ta SN 2014J kuwa ta tsaya wajen 1.4, ta SN 2006X wajen 1.5. Don a gane girman abin: ko da ƙwayoyin sun ƙanƙance iyakar ƙanƙanta, lambar ba ta sauka ƙasa da kusan 1.2. Ma'aunai biyu mabambanta, dushewar launi da sahun haske, sun ba da shaida ɗaya, cewa ƙananan ƙwayoyi ne suka mamaye hanyar.

Ba a nan gizo ke saƙar ba

Tambayar da ta raba kan masana ita ce: ina ƙurar take? Akwai masu cewa a gindin tauraron take, ragowar abin da shi ko abokin zamansa suka zubar kafin fashewa. Ariel Goobar na Jami'ar Stockholm ya nuna a 2008 cewa idan haske ya yi ta karo da ƙwayoyi a cikin irin wannan ƙunshi kafin ya fita, ƙura ta yau da kullum ma za ta iya ba da ƙaramar R_V. Bayani ne mai daɗin ji, domin ba sai an ce ƙurar wasu galaksi daban take ba. Kuma da ya tabbata, da ya taimaka wajen gano wane irin abokin zama farin wadan yake da shi, tambayar da har yau ake kai ruwa rana a kanta.

A nan ne sahun haske ya nuna fifikonsa a kan auna launi kawai, domin ban da ƙarfi yana da fuska. A cikin huɗun nan, fuskar sahun ta yi daidai da shimfiɗar galaksin da kowace ke ciki, wato hannayensa masu lanƙwasa ko ɗamarar ƙurarsa. Ƙurar da tauraro guda ya zubar a gindinsa ba ta da dalilin sanin inda hannun galaksi ya nufa. A yi dace sau ɗaya, a ce sa'a ce. Sau huɗu kuwa ruwa ba ya tsami banza. Haka kuma sahun bai canza ba a makonnin da fashewar ke tashe, alhali ƙura ta kusa da ta nuna sauyi. Madubin Spitzer mai ganin zafi ma bai ga ɗumammiyar ƙura mai yawa a gindin SN 2014J ba. A ganina wannan hujja ta fuska ita ce mafi nauyi a duk muhawarar, kuma tana cewa akasarin ƙurar ta tsakanin taurari ce.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. A galaksinmu ƙananan ƙwayoyi, waɗanda ba su kai maikiron 0.05 ba, ba sa jeruwa da kyau, saboda hasken taurari ba ya iya murza abin da ya gaza tsawon zangonsa sosai. To in ƙananan ƙwayoyi ne ke jera hasken sufanoba, wa ya jera su kansu? Kuma me ya sa ake yawan ganin wannan a gaban sufanoba?

Wani masani ɗan Biyetnam da ke aiki a Koriya ta Kudu, Thiem Hoang, ya kawo amsar da ta sa mai haskawa ya zama wanda ake zargi. Ku tuna da maganar farfela. Idan hasken taurari na yau da kullum yana juya ƙwaya, yaya za ta kasance in hasken rana biliyoyi ya bugo ta daga nisan 'yan shekarun haske? A takardar da shi da abokansa suka buga a 2019, sun lissafa cewa babbar ƙwaya za ta yi ta juyi har ta kai inda jikinta ba zai iya riƙe kansa ba, ta tarwatse ta zama ƙanana, kuma cikin kwanaki ko makonni. Idan haka ne, tocilar ce ke ƙona labulen da muke so mu gani da ita. Kyawun wannan bayani shi ne ana iya gwada shi: ya ce in aka kama sufanoba tun kwanakin farko, za a ga ƙololuwar sahun tana matsawa zuwa shuɗi yayin da manyan ƙwayoyin ke ƙarewa. Rauninsa kuwa shi ne yana buƙatar gajimaren ƙurar ya kasance kusa da tauraron, kuma ba kowace ƙura ce ke kusa ba.

Wani zai ce, duk wannan ɗawainiya a kan hayaƙin da ba wanda zai shaƙa? Amsar tana cikin lambar nan 3.1. Da sufanoba nau'in Ia ake auna nisan sararin samaniya. Da su ne ƙungiyoyi biyu suka gano a 1998 cewa faɗaɗar sararin ƙara gudu take yi, aikin da ya ba Saul Perlmutter da Brian Schmidt da Adam Riess kyautar Nobel a 2011. Dabarar ita ce: ka san ainihin hasken fitila, ka ga yadda ta dushe, ka fitar da nisa. Amma dushewa iri biyu ce, ta nisa da ta ƙura, kuma R_V ce ke raba su. A ɗauki fashewar da ta yi ja kwatankwacin SN 2014J. In ka yi mata lissafi da 3.1 alhali gaskiyar 1.4 ce, za ka ɗora wa ƙura laifin da ya ninka nata fiye da sau biyu, ka ajiye tauraron a ƙasa da rabin nisansa. Masu auna faɗaɗar sarari ba sakarkaru ba ne, sukan jefar da masu ja sosai. Amma ɗan kuskure a kan dubban fashewa, in duk gefe guda ya karkata, ba ya wankuwa da yawa. A 2021 Dillon Brout da Daniel Scolnic suka nuna cewa wani bambanci da aka daɗe ana gani tsakanin sufanobar manyan galaksi da ta ƙanana yana iya zama bambancin ƙurarsu ne kawai.

Ƙura ta taɓa kunyata masana a bainar jama'a, kuma ta hanyar sahun haske ɗin nan. A Maris na 2014, wata biyu bayan daren Fossey, masu na'urar BICEP2 a ƙarshen kudancin duniya suka sanar cewa sun ga tambarin farkon halittar sarari a cikin sahun wani tsohon haske. Kafin shekara ta cika, bayanan tauraron ɗan'adam na Planck suka nuna cewa ƙurar galaksinmu ce, jerarrun ƙwayoyin nan da ke fitar da nasu ɗumin.

Akwai hanya ta biyu da sufanoba ke tona ƙura, kuma ita ce ta fi burge ni. Hasken da ya miƙo kai tsaye shi ke fara isowa. Wanda ya nufi gefe kuwa, ya bugi gajimaren ƙura sannan ya karkato wajenmu, hanyarsa ta fi tsawo, don haka sai bayan watanni ko shekaru ko ƙarnoni yake zuwa. Amsa-kuwwa ce, ta haske. An fara ganin ta a kewayen wani tauraro da ya haska a 1901, aka ga zoben haske yana buɗewa da gudun da kamar ya fi na haske, har sai da Paul Couderc ya warware lissafin a 1939. An ga zobba irinsa a kewayen wata sufanoba mai suna SN 1987A. A 2008 ma, da madubin Subaru a Hawai, an kama amsa-kuwwar fashewar da masanin taurari Tycho Brahe ya gani da idonsa a 1572, aka tsattsage launukanta aka tabbatar nau'in Ia ce, shekara 436 bayan aukuwarta.

Hasken da ya bugi ƙura ya karkato yana ɗaukar sahu, kuma ƙarfin sahun yana bin kusurwar karkatowar, ya fi ƙarfi idan kwanar ta kusa digiri 90. Ka haɗa wannan da jinkirin isowarsa, sai ka samu inda gajimaren yake a zurfin sarari, gaba ko baya ko gefe. Madubin Hubble ya bi SN 2014J da wannan ido. Hotunan da ya ɗauka daga Nuwamban 2014 zuwa Oktoban 2016 sun nuna zoben haske yana faɗaɗa kamar an jefa tsakuwa a tafki, yana dawowa daga ƙurar da ke tsakanin shekarun haske 300 zuwa 1,600 daga wurin fashewar. Irin wannan nisa ya yi yawa ga bayanin tarwatsewar ƙwayoyi, ya kuma yi yawa ga ƙurar gindin tauraro.

Amma a cikin ma'aunan Hubble ɗin akwai guda da ya ƙi bin layi. Yi Yang da abokan aikinsa sun ruwaito a 2018 cewa kwana 277 bayan fashewar ta kai ƙololuwar haskenta, sahunta ya kauce daga inda yake a sauran lokutan. Suka fassara shi da ɗan guntun ƙura, akalla kashi ɗaya cikin miliyan na nauyin rana, a nisan kusan rabin shekarar haske daga tauraron, wanda amsa-kuwwarsa ta iso a daidai lokacin da hasken kai tsaye ya yi sanyin da za a iya jin ta. Wannan kaɗan ne, bai isa ya bayyana dushewar kashi biyar cikin shida ba. Amma yana nan, a gindin tauraron, inda ɓangaren Goobar suka ce a duba.